Inda Bramble Yake Kwana

Glenys Ackroyd ba ta da kare, ba ta taɓa ajiyewa ba, in ma ka matsa mata za ta gaya maka ba ta ƙaunar warinsu in ruwan sama ya dake su. Amma shekara ashirin da ɗoriya ke nan abincinta yana rataye a wuyan karnuka. Tana aiki a wani ɗan kamfani a garin Halifax na Ingila, a saman shagon masu sayar da darduma, inda ake riƙe da rajistar ƙwayar shaida, 'yar abar nan mai kamar ƙwayar shinkafa da likitan dabbobi ke cusa wa kare ko kyanwa a ƙarƙashin fatar wuya. Kowace ƙwaya da lambarta, kowace lamba da sunan mai dabbar da wayarsa da adireshin gidansa. In kare ya ɓata aka tsince shi, sai a goga masa na'ura a wuya, lamba ta fito, a bugo wa su Glenys.

Dokar da ke kansu ba ta da yawa, amma ba ta da wasa. Dole waya ta sami mai ɗauka kowane lokaci, har ranar Kirsimeti. Adireshin mutum kuwa ba a ba kowa shi sai likitan dabbobi, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin hukuma mai kwashe karnukan da suka ɓata, su ɗin ma a wannan ofis sai sun faɗi lambar sirrin wurin aikinsu. Duk wanda ba ya cikin waɗannan, amsarsa ɗaya ce: bar lambarka, za mu kira mai karen, shi zai neme ka.

Wasu ma'aikatan sukan faɗi wannan magana suna ba da haƙuri kamar sun taka ka a bas. Glenys kuwa faɗarta take yi kamar ita ta rubuta dokar. Ta fara aiki ne tun tana budurwa a ofishin haɗa waya na gari, inda ta ji asirin rabin Halifax ba ta taɓa fitar da ko ɗaya ba, kuma a ganinta mai sakin baki bai cancanci a ba shi ajiyar ko laima ba. An taɓa yin wani fada na coci da ya tsinci kyanwa a maƙabarta, ya bugo yana cewa shi fa malamin addini ne, a ba shi adireshi ya kai ta da kansa.

"Fada," in ji ta, "ko shugabanku na can sama ne ya bugo, sai ya bar lamba."

Har yau ana ba sababbin ma'aikata wannan labari. Shabnam Akhtar, wadda Glenys ta koya wa aiki tana 'yar yarinya, yanzu kuma ita ce shugabar ɗakin, takan ce in Anti Glenys ta mutu a binne ta da abin kunnenta na amsa waya, don ko a can sai ta tambayi mala'iku shaidarsu.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Warren, mai gyaran tukunyar ɗumama gida. Dogo ne, mai fara'a, irin wanda tsofaffin mata ke ajiye wa biskit in ya zo musu gyara. Mijinta Len ya daɗe da rasuwa, kuma ba ta yawan zancensa. Warren ya auri wata shiru-shiru mai suna Leanne, suka haifi Maisie, yarinyar da Glenys ke ji da ita kamar ranta. Da Maisie ta fara tafiya aka sayo mata ɗan kwikwiyo siriri irin na tsere, aka sa masa suna Bramble. Glenys ce da hannunta ta shigar da shi rajistar kamfaninsu da sunan Leanne, kuma ita ce ta yi ta jan kunnen surukarta: "In kun tashi daga gida, 'yar nan, kafin ki rataya labule ki fara gaya mana. Rabin karnukan da ba sa komawa gida, tsohon adireshi ne ya ci su."

A ƙarshen bazarar nan Leanne ta tashi. Warren yana wurin aiki ta kwashe Maisie da Bramble da akwati biyu, ta ajiye mukullai a kan tebur. Ya je wurin 'yan sanda, suka ce masa matarsa tana nan lafiya, kuma ba ta son ya san inda take. Ya bi gidan 'yan'uwanta, ya bi ƙawayenta, kowa ya rufe masa ƙofa.

Ran wata Lahadi ya zo cin abincin rana wurin uwarsa kamar yadda ya saba, da furannin da ya saya a shagon gidan mai a hannunsa. Ya rame, gemu ya fito masa. Glenys ta gasa naman shanu da dankali, ta zuba masa romo har ya kusa zubowa daga faranti, don ba ta san wata hanyar lallashi ba sai wannan. Ya ci loma biyu ya ajiye cokali.

"Mama, kin san Leanne."

"Na santa. Ci abincinka."

"Matar da ko littafin laburare ba ta taɓa makara da shi ba. Na rantse miki, kafin ta sayi tsintsiya a sabon gidan ta canja adireshin karen nan. Ke kika koya mata."

Tun ranar da Leanne ta tafi wannan tunani yake zaune wa Glenys a ƙirji, tana ta addu'ar kada ya faɗo masa.

"Ba na buɗe rajistar dangi, ka sani. Ko ta maƙwabta ba na buɗewa."

"Wa ya ce ki buɗe wa duniya? Ki leƙa kawai. Sunan gari ma ya ishe ni. Ba rigima zan yi ba, Mama, 'yata nake son gani. Ke ba kya son ganinta?"

Nan ya taɓa ta inda ke ciwo, kuma ya san ya taɓa. Takalman roba na Maisie, jajaye, suna nan a bayan ƙofar kicin inda yarinyar ta tuɓe su, Glenys ta kasa ɗagawa. Ta tashi ta ɗora butar shayi ba don ana buƙata ba.

"In Leanne na son a same ta, ta san lambarka."

"Wato ke ma kin bi bayanta."

"Ban bi bayan kowa ba. Ka sha romon nan kafin ya daskare."

Bai yi tsawa ba. Ya sumbace ta a goshi da zai tafi, ya ce naman ya yi daɗi. Motarsa ba ta kai ƙarshen layi ba wayarta ta yi ƙara: ya turo mata lambar ƙwayar Bramble, ba ko kalma ɗaya a tare da ita.

Akwai abubuwan da Glenys ta gani ta yi kamar ba ta gani ba, kuma ta iya wannan sosai, don ta yi shekaru tana yinsa a gidan Len. Ta ga kalandar da aka rataya a tsakiyar ƙofar banɗakin Warren, wurin da ba mai rataya kalanda, ta ɗaga ta ga rami daidai girman dunƙulen hannu. Ta ga Leanne da riga mai dogon hannu a tsakiyar zafin Yuli. Abin da ya fi tsaya mata shi ne karen. Duk karen duniya in ya ji motar maigida sai ya ruga ƙofa yana kaɗa bindi. Bramble in ya ji ta Warren, ƙarƙashin tebur yake shigewa yana rawar jiki. Duk wannan ta sani, amma ɗanta ne, ita ta goya shi, ita ta zauna da shi a asibiti lokacin da ciwon asma ya kusa ɗauke shi. Zuciyarta ta yi ta kawo mata uzuri iri-iri, wai ƙila ya yi hankali yanzu, wai uba ai uba ne.

Duk makon nan lambar tana cikin wayarta a jaka tana ƙuna. Ta haddace ta ba da niyya ba, don ƙwaƙwalwarta ta saba kama lambobi. Sau ɗaya, da rana tsaka, layi ya yi shiru, Shabnam ta sauka sayo kifi da soyayyen dankali, Glenys ta duba ta ga yatsunta sun buga rabin lambar da kansu. Ba don Warren ba. Don kanta ne, tana so ta san ko akwai teku kusa da inda suka koma, ko makarantar tana da nisa, ko an saya wa yarinyar wasu takalman roba. Ta zauna tana kallon lambobin, kunnuwanta suna zafi kamar an kama ta da sata, sannan ta goge su ɗaya bayan ɗaya.

Alhamis ba ta zuwa aiki. Ranar ce take zuwa a yanke mata faratan ƙafa, ta wuce kasuwa, kuma Warren ya san haka tun yana makaranta. Sai dai wannan Alhamis ɗin haƙorin wata abokiyar aikinta ya tashi, aka roƙe ta ta riƙe mata. Ana ta yayyafi tun safe. Ta amsa wani manomi da karensa ya bi motar madara, ta amsa wata tsohuwa da ke kuka saboda kyanwarta, wadda aka tarar a ƙarshe tana barci a cikin kwandon wanki. Tana kai kofin shayi baki wayar ta sake ƙara.

"Rajistar dabbobi, ina jinka."

Mai kiran ya yi gyaran murya kafin ya yi magana, sau biyu, gajeru. Len ne ya saba yin haka lokacin yana raye. Mutum ɗaya ne kawai ya gaje shi.

"Barka da aiki. Daga asibitin dabbobi nake kira, an kawo mana wani kare yanzu, mota ta buge shi. Ga lambar ƙwayarsa."

Ya maƙe murya, ya sa ta fita ta hanci kamar ta mutanen kudancin Ingila. Ya karanto lambar, Glenys tana bin ta a zuci tun kafin ya kai ƙarshe. Ta ajiye kofin a hankali. Bai gane ta ba tukuna, muryarta ta aiki daban ce da ta kicin, kuma bai sa ran jinta ba.

"To, yallaɓai. Lambar sirrin asibitinku?"

"Ni sabo ne, ba a ba ni ba tukuna. Likita tana ɗakin fiɗa da karen. Jini yake zubarwa, baiwar Allah, ba lokacin wannan."

Ko da ta san ƙarya ce, sai da ta ga Bramble a kwance a kan teburin ƙarfe, ta ga Maisie tana ihu. Ya iya zaɓar inda zai soka.

"Ba matsala. Ba ni sunan asibitin, zan kira ku ta lambar da muke da ita. Mai karen kuma mu za mu neme ta yanzun nan."

"Ba waya muke so ba, adireshi. Mota za mu aika ta ɗauko ta ta sa hannu."

"Asibiti ba ya aika mota ɗauko mai kare, yallaɓai."

Ta cikin wayar tana jin ruwa yana dukan rufin mota, da abin share gilashi yana kai da komowa. A can gefen ɗakin Shabnam ta ɗago kai, don ta san muryar Glenys in wani abu ya karkace.

"Mama?"

"Ina tunatar da kai, yallaɓai, ana ɗaukar maganarmu."

"Mama, me kike yi a nan? Yau Alhamis."

"Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?"

Muryar hancin ta faɗi, ta Warren ta fito, irin wadda yake yi yana yaro in ya fasa wani abu.

"Don Allah, Mama. Ga shi nan a gabanki. Taɓawa ɗaya ce. Ba wanda zai sani, ki ce kin ɗauka asibitin ne, kowa na kuskure. Ni ne fa. Ba na barci, ba na ci. Kina so in mutu?"

Ba ta so. Da za a ce ta ba da hannunta na dama ya sami sauƙi, da ta miƙa a yanke. Yatsunta suna kan madannai, lambar tana cikin kanta, idonta ya cika. Ta buɗe baki ba ta san abin da zai fito ba.

"Warren, je ka gida. Zan zo in same ka, mu yi magana."

"Ba magana nake so ba!" Wani abu ya daki wani abu, ƙila tafin hannu ne a kan sitiyari. Da ya sake magana, a hankali ya yi, kuma hakan ya fi tsawar ban tsoro. "Ki ji ni da kyau. Zan same ta, ko da ke ko ba ke. In ke kika gaya min, zan je da hankalina. In kuwa sai da na sha wahala na nemo ta da kaina, abin da ya faru ke kika jawo."

Ta taɓa jin wannan magana, kusan kalma da kalma, a wani kicin, daga bakin Len, shekara talatin da suka wuce. Duk uzurin da zuciyarta ta tara masa cikin makon nan ya zube a take. Ta janye hannuwanta daga madannai ta ɗora a cinya.

"Ba za mu iya ba ka wannan bayanin ba, yallaɓai. Na gode da kira."

Ta kashe. Ta cire abin kunnen ta ajiye. Shabnam ta riga ta iso, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Anti, wane ne?"

"Wani ne ya yi sojan gona, ya ce daga asibiti yake. Adireshin wata mata yake nema, kuma ya yi mata barazana. Ki saurari faifan."

Shabnam ta saurara. Ba ta kai ƙarshe ba ta sa hannu ta rufe baki.

"Wayyo, Anti." Ta yi ƙasa da murya. "Kin san in na rubuta wannan, ba a nan zai tsaya ba. Da barazanar nan dole a kai wa 'yan sanda."

"Wa ya koya miki aikin? Rubuta."

"Zan iya cewa ba a gane mai kiran ba..."

"Ya ce Mama har sau nawa a faifan? Kada ki ɓata aikinki saboda ni. Sa sunansa cikakke, Warren Leonard Ackroyd. Ni na raɗa masa, na san yadda ake rubutawa."

Shabnam ta rubuta. Saura abu ɗaya, wanda ya fi sauran gaggawa: a kira mai karen a gaya mata an nemi adireshinta, a kuma sa wa rajistarta kulle. Wannan sai an buɗe shafin Bramble, kuma kwamfutar Shabnam tana nan daf da gwiwar Glenys.

"Ki shiga kicin ki haɗa mana shayi, Anti."

"A'a, a nan zan zauna. Yi abinki."

Glenys ta juya kujerarta ta fuskanci taga. Sai ta ga ashe da duhun hadarin nan gilashin ya zama madubi, ga hasken kwamfutar Shabnam ɓaro-ɓaro a ciki, layukan rubutu suna fitowa. Glenys ta yi maza ta cire tabarau ɗinta ta riƙe a hannu. Ba tare da shi ba ko lambar bas ba ta iya karantawa. Duniya ta koma hazo, ta zauna a ciki tana saurare.

Aka buga wa Leanne, aka ɗauka. Shabnam ta yi bayani a natse, yadda aka koya mata. Daga cikin abin kunnenta wata 'yar ƙara tana tsiyayowa, muryar mace ƙasa-ƙasa, sai haushin kare, siriri, mai kaifi, irin na karen da ke tsaye a tsakiyar ɗaki ba a ƙarƙashin tebur ba. Sai wata ƙaramar murya ta ce wa karen ya yi shiru. Glenys ta damƙe tabaran har ƙarfen ya shiga tafinta.

Shabnam ta rufe bakin wayar da hannu.

"Anti, ta tambaya wa ya ɗauki kiran, na gaya mata. Kuka take yi. Ta ce dama ta san ba za ki bayar ba, shi ya sa ba ta ji tsoron canja adireshi a nan ba. Ta ce in kina so, ita da bakinta za ta gaya miki inda suke, ki zo ki ga Maisie. Wai yarinyar kullum sai ta tambaye ki."

A can ƙasa, a hayin titi, wani farin abu mai girman motar aiki ya zo ya tsaya gaban shagon burodi. Ko babu tabarau ta san ta wane ce.

"Ce mata a'a."

"Anti..."

"Ce mata kada ta gaya min. Kada ta turo kati, kada ta turo hoto mai alamar wuri. Yau na iya, Shabnam, don ina kan wannan kujera, da abin nan a kunnena. Ran Lahadi kuwa a kicin ɗina zai same ni, yana kuka, ni kuma uwarsa ce. Ban yarda da kaina ba. Abin da ban sani ba, ba zai iya matse shi daga bakina ba."

Shabnam ta faɗa wa Leanne. Ta saurara kaɗan, ta ce to, ta kashe. Glenys ta jira har sai da ta ji an rufe shafin, hasken da ke cikin gilashi ya canja launi, sannan ta mayar da tabaranta. Motar Warren ce, injin yana aiki, yana zaune a ciki yana kallon tagarsu.

Ta tashi ta ɗauki rigar ruwanta.

"Ki jira 'yan sanda su zo, Anti, don Allah."

"Ki kira su. Ni zan je in zauna da shi har su iso, kada su same shi shi kaɗai."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana ɓalla maɓallan rigar, ɗaya ya ƙi shiga.

"Ya muryarta, Maisie ɗin? Ba mura?"

"Ras take, Anti."

Glenys ta gyaɗa kai. Ta kama ƙarfen bene ta fara sauka a hankali, ta ratsa ta tsakiyar dardumomin da aka naɗe aka jingine, ta fita cikin ruwan. Warren ya hango ta, ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofar gefe, fuskarsa cike da sa rai. Ta shiga ta zauna, ta ja ƙofar ta rufe.

"Ina suke?" in ji shi.

"Ban sani ba," ta ce, kuma gaskiya ta faɗa.